Ranar da Hasiya Ta Ce a Juya

A gidanmu, duk yaron da ya cika shekara tara sai ya yi jagorancin hawan dutse sau ɗaya. Baba ne ya kafa wannan al'ada tun ban zo duniya ba. Duk ƙarshen damina, idan ruwa ya ɗauke ƙafa, sai ya zaɓi wata Asabar ya kwashe 'ya'yansa, daga baya har da jikoki, daga Unguwar Shanu zuwa wani dutse a bayan Rigachikun. Mutanen wurin suna ce masa Dutsen Gwauro, don shi kaɗai ne a tsaye tsakiyar gonaki. A gindin dutsen Baba yake cire agogonsa ya ɗaura wa wanda lokacinsa ya zo. Daga nan har a dawo mota, maganar wannan yaron ce ƙarshe. Shi zai ce a huta, shi zai ce a sha ruwa, shi zai zaɓi hanya. Babba yana iya ba da shawara, amma ba ya ba da umarni, ko da kuwa Baba ne da kansa.

Malam Ila kafinta ake ce da Baba a unguwa. Rufin kwano ne sana'arsa, shekara arba'in yana yawo a saman gidajen mutane. A ƙasar Katsina aka haife shi, ya tashi yana kiwon awaki cikin duwatsu, kuma ina jin wannan ne bai taɓa fita daga jikinsa ba. Ba mutum ne mai yawan wa'azi ba. Idan mun kai saman dutsen, akwai wani kwarmi da ruwan sama yake taruwa a ciki. Nan muke alwala, mu yi sallar walaha raka'a biyu, mu zauna shiru na ɗan lokaci muna kallon Kaduna can nesa, sannan a buɗe kulolin abinci. Shi ke nan. Bai taɓa ce mana ga darasin da ke ciki ba. Ilimin tarbiyya na karanta a jami'a, kuma sau biyu ina shirya tambayarsa abin da yake nufi da wannan tafiya, in na zo gabansa sai bakina ya yi nauyi in ce shayi zan kawo masa.

Haka nake tun ina ƙarama. Shekarar da na yi nawa jagorancin, sai da aka yi tafiyar awa guda ba wanda ya sha ruwa, saboda kunya ta hana ni ɗaga murya in ce a sha. Yaya Auwal, babban wanmu, yana ta yi mini inkiya da gora. Baba kuwa ya bi bayana leɓensa a bushe, bai ce uffan ba, har sai da na iya cewa, can ƙasan maƙoshi, "A sha ruwa."

Bara ba mu je ba. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Baba, hannun hagu da ƙafar hagu suka daina jin maganarsa. Ni ce auta, kuma a lokacin na gama makaranta ina zaman jiran aiki, don haka ni na fi zama wurin jinya. Wata rana da hantsi a asibiti, yana zaton barci nake yi a kan tabarma, na ji shi yana magana a hankali. Ya ce, "Ya Ubangiji, in Ka tashe ni, na yi maka alkawarin raka'a biyu a kan Gwauro." Ban motsa ba. Ban kuma gaya wa kowa ba.

Allah ya tashe shi. Da farko da sanda biyu, sannan ɗaya, sannan ya jingine ta bayan ƙofa ya ce ta tsofaffi ce. Wata shida yana hawan matakalar benen Islamiyyar layinmu bayan sallar asuba, yana ƙirgawa. Ya fara da hawa ɗaya, ya kai goma sha biyu. Likita ya ce tafiya tana da kyau, amma ban da wahalar da jiki. Baba ya riƙe rabin farko na maganar, ya bar wa likita sauran.

Bana lokacin Hasiya ne, 'yar Yaya Auwal ta biyu. Siririya ce, ga ta da idanu, ba ta cika magana ba sai in da kakanta ne. Su biyun kam ba sa haɗuwa ba su taɓa juna ba.

"Amarya," in ji Baba, muna cikin motar Yaya mun wuce Kawo, "yau fa kada ki ɓatar da mu cikin gonar mutane."

"Tsoho, kai dai ka ji da ƙafarka. In ka faɗi ba zan ɗauke ka ba, sabon miji zan nema."

"Wa zai kwashe ki? Dubi wuya kamar na zalɓe."

Anti Rakiya, mahaifiyarta, ta ce daga baya, "Ke Hasiya, bakinki."

"Ƙyale ta," in ji Baba. "Tsakanin miji da mata ne."

Fahad, wan Hasiya mai shekara goma sha biyu, yana rungume da kular dambu. Ya yi nasa jagorancin shekara uku da suka wuce, kuma tun daga gida yake tuna wa kowa cewa a shekararsa ƙarfe tara da rabi aka kai sama.

Muka tsaya a ƙauyen da ke gindin dutsen, Baba da Yaya suka shiga gaida maigari kamar kullum, aka ce musu daji lafiya lau a kwanakin nan. Muka bar mota a ƙarƙashin wata ɗorawa. Baba ya cire agogon. Tsoho ne mai sarƙar ƙarfe, ya yi wa Hasiya yawa ƙwarai, sai da Anti Rakiya ta naɗa mata hankici a hannu kafin ya zauna.

"To, Jagora," in ji Baba, ya ɗan rusuna. "Muna hannunki."

Hasiya ta dube mu ɗaya bayan ɗaya kamar mai ƙirga awaki. Ta ce, "Fahad, kai ne ƙarshe. Tsoho, kana bayana. Bismillah."

"Me ya sa ni ne ƙarshe?"

"Don in ka wuce gaba ba ka waiwaye."

Hanyar ta fara ne ta cikin gonar dawa da ta yi kai, raɓa tana jiƙa mana ƙafar wando. Daga nan ta shiga tsakanin manyan duwatsu, inda ciyawa ta kai ƙugu. Baba yana tafiya da kyau, har da ɗan taƙama. In ka san shi kafin ciwon za ka ga yana ɗan jan ƙafar hagu, in ba ka san shi ba sai ka ce tafiyarsa ce haka. Yana ta ba Hasiya shawarar da ba ta tambaya ba.

"Jagora, da ni ne, ta hagu zan bi."

"Ai ba kai ba ne." Ta bi ta dama.

Hanyar damar ta fi tsawo, kuma ta bi da mu cikin ƙarangiya. Anti Rakiya ta yi ta cire ta daga bakin zanenta tana mita. Baba ya bi, yana dariya, yana cewa sarautar mata ba ta da tausayi.

Bayan kamar awa ɗaya hawan ya fara tsanani. Nan na lura da wani abu. Baba ya tsaya gindin wata bishiya ya ce, "Ku zo ku gani. Fahad, mece ce wannan?"

"Kanya."

"Madalla. Dubi ganyenta."

Muka duba. Muka ci gaba. Ba a yi taku hamsin ba ya sake tsayawa, wannan karon don ya nuna mana gidan tururuwa. Sai kuma saƙar gizo-gizo tsakanin duwatsu biyu. Sai wata kanyar. Baba dama yakan nuna mana abubuwa a hanya, amma a tafe yake nunawa, da haɓa. Yau kuwa kowane abu sai an tsaya, kuma duk tsayawa sai ya dafa dutse da hannun dama, ya ɗan ɗage ƙafar hagu daga ƙasa. Ina bayansa, ina ganin yadda ƙafar wandon take kaɗawa ba iska.

Na ce a raina zan yi magana a tsayawa ta gaba. Tsayawa ta gaba ta zo, na ce ta gaba.

Hasiya ta ci gaba da jan mu. Amma na ga ta rage sauri. Ta ce a sha ruwa, alhali ba a daɗe da sha ba. Ta ce takalminta ya kwance, ta tsuguna ta daɗe tana ɗaurawa, idonta a kan gwiwar kakanta.

Wajen ƙarfe goma saura muka iso gindin gamji. Wani gamji ne da ya tsiro cikin tsagar dutse, yana da inuwa mai sanyi da fili daidai shimfiɗa tabarma biyu. Daga nan sauran hawa ɗaya ne, wanda muke kira Bayan Kunkuru. Falalen dutse ne sumul, a karkace, ba ciyawa ba itace, ana hawansa da hannu da ƙafa. Mai lafiya yakan yi shi cikin minti ashirin. Daga inda muke ana hango ƙarshensa, har da tsuntsayen da suke sauka shan ruwa a kwarmin.

Hasiya ta ce a zauna. Muka zauna. Ta duba agogo, ta dubi Bayan Kunkuru, ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ce, "A nan za mu ci abinci. In mun gama, a juya."

Fahad ne ya fara magana. "A juya ina?"

"Gida."

"Ke, ga sama can! Ko makaho ya ga mun iso!"

Baba ya yi dariya, yana share gumi da hularsa. "Amarya ta gaji. To a huta, a huta. Minti goma ya ishe ki?"

"Ni ban gaji ba. Kai ne ka gaji."

"Ni? Wa ya gaya miki?"

"Sau bakwai ka tsaya. Kanya sau biyu ka nuna mana. Kuma ƙafarka rawa take yi, na gani."

"Rawar murna ce."

Ba ta yi dariya ba. Anti Rakiya ta ce, "Hasiya, ba a yi wa babba haka. Shi ya san jikinsa."

"Umma, shawara kike ba ni?"

Anti Rakiya ta juya ta shiga kwance ɗaurin kula.

Baba ya gyara zama ya matso kusa da jikarsa. Ya sauke murya, kamar mai ciniki. "Jagora, ga shawara. In muka hau muka sauko, a Kawo zan tsayar da mota. Tsire, ke kaɗai, Fahad yana kallo."

"A'a."

"Da lemo mai sanyi."

"Tsoho, hawa ba komai. Saukowa fa? A nan Fahad ya zame a shekararsa, da ƙafarsa biyu lafiyayyu."

"Ban zame ba," in ji Fahad. "Zama na yi."

Yaya Auwal, wanda tun ɗazu yake tsaye yana kallon falalen, ya ce, "Baba, in ta ƙafa ce, ni sai in goya ka. Wurin ba nisa."

Baba bai taɓa kiran sunan Yaya ba, kasancewarsa ɗan fari. Direba yake ce masa. Ya ɗaga kai ya dube shi sama da ƙasa. "Direba, buhun masara ka ga na zama? Da ƙafata na ce zan hau."

Daga nan wasa ya fita daga muryarsa. Ya shiga murza hular a hannu. Da ya sake magana, ba Amarya ya ce ba, ba kuma Jagora ba.

"Hasiya, saurara. Lokacin da nake kwance, ko cokali ba na iya ɗagawa, na yi wa Allah alkawari. Na ce in Ya tashe ni zan yi raka'a biyu a can." Ya nuna sama da hular. "Ya tashe ni. Wata shida ina hawan bene saboda yau. Shekarata sittin da takwas. Ban san baɗi ba, ban san ko ƙafar nan za ta sake kawo ni ko nan ɗin ba. Ga shi ina gani da idona. Ki bar ni in cika alkawarina."

Yaya Auwal ya sunkuyar da kai. Idanun Hasiya suka cika da ruwa, ta shiga juya agogon a hannunta, sarƙar tana ƙara. Yarinya ce 'yar shekara tara, kuma an ɗora mata abin da ni mai ashirin da huɗu na kasa ɗauka tun daga gindin kanya.

Sai ta juyo gare ni. "Anti Maijidda, ke kina bayansa. Shawara."

Baba ma ya juyo. "Yawwa. Auta, ke kika yi boko. Gaya mata saura kaɗan."

Ni kaɗai a wurin na san yadda ya yi alkawarin nan, da irin muryar da ya yi shi. Na dubi ƙasa na ce, "Saura kaɗan ne, Baba. Minti ashirin." Sai na ƙara da cewa, "Amma tun daga kanyar farko ƙafar take rawa. Kuma ba ka taka ta sosai in ka tsaya."

Ban ɗaga kai na ga yadda ya dube ni ba.

Hasiya ta goge ido da bakin hijabinta. A hankali ta faɗa, amma kowa ya ji. "A juya."

Baba ya miƙe. Bai dafa kowa ba. Ya taka zuwa inda inuwar gamji ta ƙare, inda falalen ya fara, ya ɗora tafin hannunsa na dama a kan dutsen. Ya tsaya a haka, yana kallon sama. Na san wannan tsayuwar, ita yake yi a gindin tsani kafin ya hau rufi. Na tabbata zai hau. Kuma na san in ya sa ƙafa, dukkanmu za mu bi shi, mu bar Hasiya da agogo a hannu.

Yaya Auwal ya matsa kusa da shi. A hankali ya yi maganar, amma wurin shiru ne, ta iso mana. "Baba, mu je kawai, ina gefenka. Alkawarin Allah ai ya wuce wasan yara. A karɓi agogon, in mun sauko a mayar mata."

Baba ya juyo da kansa kaɗan. "Me ka ce?"

"Na ce a karɓi agogon."

"Kafin nan."

Yaya ya dubi ƙasa.

"Wasan yara," in ji Baba. Ya ɗauke hannunsa daga kan dutsen ya duba tafin, kamar wani abu ya manne a ciki. "Shekarar da ka yi naka, ka bi da mu ta cikin fadama, muka yi awa biyu cikin laka. Na bi ka. Wasa muke yi?"

"A'a, Baba."

"Shekara talatin ina ce muku maganar jagora ce ƙarshe. Ban taɓa jin nauyinta ba, don duk inda kuka bi da ni, saman nan dai kuke kai ni, inda nake so. Yau ne kawai aka ce mini abin da ba na so." Ya numfasa. "In na hau, sai dai in karɓi agogona in daina ɗaura wa 'ya'yan mutane."

Ya dawo cikin inuwa. Tafiyar taku biyar ce, amma ya daɗe yana yin ta. Ya tsaya gaban Hasiya.

"Jagora, ina neman izini. A ba ni ruwan alwala, in yi raka'a biyu a nan kafin a ci abinci."

Ta gyaɗa kai. Ita da kanta ta ɗauko gora ta riƙa zuba masa, yana tsugune a kan saiwar gamji. Muka yi alwala mu ma da abin da ya saura. Anti Rakiya ta shimfiɗa zanen da ta zo da shi don abinci.

Daga gindin gamji, alƙibla tana wajen gonaki ne. Da Baba ya tsaya ya ɗaga hannu zai yi kabbara, saman dutsen yana bayansa. Yaya ya ce ko zai yi a zaune, ya girgiza kai. A tsaye ya yi. Na idar da tawa na zauna, shi yana sujadar ƙarshe bai ɗago ba. Fahad ya fara mutsu-mutsu, uwarsa ta dafa masa gwiwa. Ana jin kukan tsuntsayen can sama a bakin kwarmi, da wata mota mai nisa a hanyar Zariya. Da ya ɗago ya yi sallama, sai ya daɗe yana shafa fuska da hannu biyu, fiye da yadda addu'a take buƙata.

Aka buɗe dambu da dafaffen ƙwai. Baba ya ci loma uku ya ce ya ƙoshi. Fahad, wanda yake ta kumbure-kumbure, ya kai hannu zai ɗauki ƙwai na biyu, ya tsaya, ya dubi ƙanwarsa.

"Jagora, a ƙara?"

"Ƙara."

Ita ba ta ci komai ba. Ta sa muka tsince ɓawon ƙwai da ledoji muka zuba a jaka, sannan ta ce a tashi. Wannan karon ta sa Yaya Auwal a gaban Baba, ni a bayansa, ita kuma ta riƙa tafiya tana waiwaye.

Abin da ya ƙara dagula mata lissafi shi ne Baba ya sauko lafiya lau. Ko tuntuɓe bai yi ba. Hutun ya dawo masa da ƙafar, ko kuwa zuciya ce, ban sani ba. Wuraren da na zaci sai an riƙe shi, ya sauka shi kaɗai. Duk dutsen da ya tsallake sai in ga fuskar Hasiya ta ƙara canzawa. Ba wasa, ba Amarya, ba Tsoho. Haka muka wuce kanya ta biyu da ta farko.

Da muka shigo gonar dawa, inda hanya ta yi faɗin mutum biyu, sai ta ja baya ta jera da shi. Ina bayansu taku biyu.

"Kaka."

Ban taɓa jin ta kira shi haka ba.

"Na'am."

"Da na bar ka, da ka iya ko?"

Na zaci zai ce a'a. Kowane babba a'a zai ce, don yarinya ta samu barci. Baba ya yi taku kamar goma kafin ya amsa.

"Wataƙila da na iya. Wataƙila kuma da yanzu Direba yana saukowa da ni a kafaɗa. Ban sani ba. Ke ma ba ki sani ba, da abin da kika gani kika yi aiki."

"Ka yi fushi?"

"Na ji zafi. Har yanzu ina ji. Fushi kuma daban ne, ban yi ba."

Ta riƙa jan ganyen dawa da hannu. "To alkawarin fa? Allah zai kama ka saboda ni?"

"Ba saboda ke ba. Ni na yi alkawari da ƙafar da ba tawa ba. Gobe in Allah ya kai mu zan je wurin liman in tambaya. In azumi ne in yi, in ciyarwa ce in ciyar."

"In azumi ne zan taya ka."

"Ke da ba kya kai azahar?"

"Ina kai la'asar!"

"Da ƙuli-ƙuli a aljihu."

"Sau ɗaya ne! Kuma Fahad ne ya ba ni!"

"Ƙarya ne!" in ji Fahad daga can baya.

A gindin ɗorawa Hasiya ta kwance hankicin, ta zare agogon ta miƙa masa da hannu biyu. Ya karɓa ya ɗaura. Ya ce, "An gode, Jagora. Kin fita da shida, kin dawo da shida." Wani tsoho da ke zaune a kan benci kusa da motar ya tambaya ko an kai sama. Baba ya ce, "Ba a kai ba, Malam. Shugaba ta ce a juya." Tsohon ya dubi Yaya Auwal, ya dubi Anti Rakiya, yana neman shugabar. Baba bai yi masa bayani ba, ya buɗe ƙofar baya ya shiga.

Ya ce ni in zauna gaba, shi yana son miƙe ƙafa. Da motar ta hau hanyar ƙasa, na dube shi ta madubin gefe. Ya juya wuyansa yana kallon dutsen ta taga. Haka ya yi ta kallonsa, hanya tana lanƙwasa yana bin sa da ido, har itatuwan mangwaron bakin Rigachikun suka rufe shi. Sannan ya gyara zama ya fuskanci gaba.

Kafin mu hau kwalta Hasiya ta yi barci, kanta a kan hannunsa na hagu, wanda likita ya ce kada a bar shi a danne. Anti Rakiya ta miƙa hannu za ta janye ta. Baba ya ɗaga mata yatsa. Har muka shigo cunkoson Kawo bai motsa hannun ba.